Gadon Mas'udu

Ranar Talata ce, a ƙarshen bazara. Na dawo daga sallar asuba na tarar da Mas'udu a tsakar gida, ya tsuguna yana shafa katako da tafin hannu don ya ji ko raɓa ta taɓa shi. Ɗana ne, na uku a haihuwa, shi kaɗai ne namiji, kuma kafinta ne a nan Ƙanƙara. Ya gaishe ni daga inda yake tsugune, na amsa, na wuce ɗaki.

Abin da yake yi kuwa dandamali ne na katako a ƙarƙashin darbejiyar da ke tsakar gidana. Tsayinsa daidai gwiwa, faɗinsa zai ɗauki tabarma uku in an gama. Ni yake yi wa, saboda gwiwoyina sun fara ba ni wahala wajen tashi daga ƙasa. Ƙafafunsa na itacen ƙirya ne, falankan sama kuma na maɗaci. Bai haƙa rami ko ɗaya ba. Kowace ƙafa ya ɗora ta ne a kan falalen dutse, don kada ya taɓa tsohon daɓen da ke ƙasa. Shi bai taɓa ce masa dandamali ba, gado yake ce masa, mutanen gida ma suka bi shi.

Da hantsi matarsa Hafiza ta kawo koko da ƙosai. Ɗiyarsu Ikhlas, wadda ba ta cika shekara biyar ba a lokacin, ta haye kan falankan da aka riga aka ɗaure, ta miƙe ƙafa tana cin nata. Na fito da butata da rediyo, na ga wuri mai inuwa, na juya zan zauna a gefenta.

"Baba, a yi haƙuri," in ji Mas'udu. "Ba a hawa aikin da bai ƙare ba."

Wannan ƙa'ida ce ta shagon Malam Rabo, inda ya koyi sana'a. Mai kujera ba ya zama a kanta sai kafinta ya gama, ya goge, ya ce bisimilla da bakinsa. Na nuna masa Ikhlas na ce, wannan fa? Ya ce ita mai duba aiki ce, gwamnati ta turo ta. Yarinyar ta dube ni ta ce in je in nemi nawa, tsoho kawai. Na ce to amarya, na ji, amma ki sani na fasa auren. Na ajiye butar a bakin katakon, na shimfiɗa tabarmata a ƙasa kamar kullum.

Daga nan nake kallon aikinsa. Yana da wata ƙusa doguwa da ya ɗaura wa jan zare, yana soke ta a naɗin hularsa. In zai ɗora falanki kusa da ɗan'uwansa, sai ya zaro ta ya sa a tsakani, a wannan kai da wancan kai, sannan ya ɗaure. Haka kowane falanki ya sami tazarar kaurin ƙusa tsakaninsa da na kusa da shi, don ruwan sama ya wuce, katako kuma ya sami wurin kumbura da damina. Bai yi amfani da guduma ba a saman. Sukuru ya sa, wato ƙusa mai zare da ake murɗawa, ya ce in wata rana aka so duba ƙasa sai a kwance ba tare da an fasa komai ba.

Na ce masa, yanzu kai a garinku ɗa ne ke yi wa uba gado? Ni ya kamata in bar maka. Ya yi dariya da sukuru biyu a leɓensa, ya ce nawa na littattafan lissafi ne, in riƙe abina, shi nasa ya fi daɗin kwanciya.

Bayan azahar ya buɗe ɗaurin falankan da suka rage, waɗanda ya sayo daga baya, ya ɗauki ɗaya ya kai hanci, ya ɗaga wani ya hango shi ta tsawonsa da ido ɗaya. Ya ce ɗanyu ne, ba su gama bushewa ba, in ya sa su kafin kaka sun karkace. Ya ɗora su a amalanke ya mayar wa mai katako. Da ya dawo ya ce a garin nan babu busasshen maɗaci, sai wajen Sabuwa, inda ya san wani mai yankan katako da ke ajiye na bara. Gobe zai tafi, ya kwana, jibi ya biyo mota da kayan.

Na ce hanyar ba ta da kyau a kwanakin nan. Ya ce ba zai fita ba sai rana ta ɗaga, kuma tare da 'yan kasuwa zai bi. Na ce Allah ya tsare. Sau ɗaya na faɗa, shi ma sau ɗaya ya amsa.

Da la'asar ya kwanta rigingine ya shiga ƙarƙashin dandamalin da gwangwanin baƙin mai, yana shafa wa katakon ciki saboda gara. Ƙafafunsa kawai ake gani. Ikhlas tana leƙa shi ta tazarar falankai tana zuba masa ɓawon gyaɗa, shi kuma yana cewa zai kai ƙararta ofishinsu. Da magariba muka tafi masallaci tare, yana bayana da taki ɗaya kamar yadda ya saba. Muka dawo aka ci tuwon masara da miyar kuka. Bayan isha'i ya ja tampol ya rufe aikin, ya danne gefe-gefen da duwatsu, ya ce mini sai da safe. Kashi biyu cikin uku na saman ya ɗauru, saura ƙashin katako ne a buɗe.

Ranar Laraba ya fita da hantsi a kan babur. Bai kai Sabuwa ba. Masu bindiga suka tare hanya gaba da 'Yargoje, suka tafi da babura da abin da ke aljihun mutane, suka bar mutum uku a kwance. Kafin la'asar aka kawo mana shi, kafin magariba muka kai shi. Shekarunsa talatin da ɗaya.

An haifi Mas'udu a Faskari, lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a can. Na yi jami'a a Zariya, na yi aikin koyarwa har na yi ritaya, kuma duk 'ya'yana sun bi ta ajina ko na abokaina. Yayyensa mata biyu sun yi karatu sun yi aure, ɗaya tana Kano, ɗaya tana Gusau. Shi tun yana ƙarami abin da ke jan hankalinsa shi ne yadda aka haɗa abu. In aka neme shi a makaranta aka rasa, yana bayan ofis inda ake tara karyayyun bencina. Lissafinsa ba laifi, amma da ya gama sakandare ya ce shagon Malam Rabo yake so. Muka yi magana a kai kwana biyu, na kai shi da kaina.

Ba mai yawan magana ba ne. Yana son rake, yana son sauraron labarai a rediyo alhali ba ya cewa komai a kansu, ba ya son a ɗauke shi hoto. Zarto ya taɓa cire masa kan ɗan yatsan hagu, sai ya riƙa tsokanar yara da shi yana cewa ɓera ne ya cinye don ya kwanta bai wanke hannu ba. Masu ba shi aiki suna kuka da shi a kan jinkiri. Wata mata ta taɓa biyo shi har gida a kan ƙofar ɗaki, ta tsaya a zaure tana faɗa, shi kuma yana tsaye yana cewa gaskiyarki Hajiya, gaskiyarki. Da ta gaji ta tafi, na tambaye shi ina ƙofar, ya ce katakon yana shan iska tukuna. Ya yi tebura da bencina na makarantu, ya yi ƙofofi da tagogi, ya yi akwatunan amare. Yawancin abin da ya yi yana nan cikin gidajen mutane, ba wanda ya rubuta sunansa a jiki.

Daɓen da ke ƙarƙashin darbejiyar na mahaifiyarsa ne, Hajiya Suwaibatu. Shekarar da muka tare a gidan nan ba mu da halin siminti. Ta sa aka kawo tsakuwa da jar ƙasa, ta jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, ta gayyato matan unguwa. Suka wuni a durƙushe suna bugun ƙasa da madaɓi suna waƙa, ana yayyafa ruwan makubar, har wurin ya yi santsi ya yi duhu kamar bayan tukunya. A bakin ta jera fasassun tangaran na wani faranti mai shuɗin fure da ya faɗi ranar da muka yi ƙaura. A kan daɓen nan ta yi shanya, ta yi tsifa, ta yaye 'ya'yan 'yan'uwa. Ta rasu Mas'udu yana sabon ango.

Bayan ta, daɓen ya fara zaizayewa ta gefe, da damina kuma yana riƙe sanyi. Ni na ce a kira magina su zuba siminti a kai a huta. Mas'udu bai ce a'a ba, don bai saba ce mini a'a ba. Ya ce in ba shi lokaci. Ashe katako yake tarawa. Ya fi shekara yana sayen maɗaci falanki ɗaya, falanki biyu, yana jinginewa a bayan shago. Ranar da ya kawo su gida ya ce, in aka zuba siminti aikin Inna ya tafi ke nan, amma in aka yi rumfa ta ƙasa a kansa, yana nan, ni kuma na sami wurin zama mai tudu. Iyakar bayanin da ya yi ke nan.

Kwanakin zaman makoki na sa aka yi shimfiɗa a zaure da ƙofar gida. Tampol ɗin yana nan yadda ya rufe shi. Da mutane suka watse, yayyensa suka koma gidajensu, gidan ya rage mu uku. Hafiza tana takaba a ɗakinta, ba na jin motsinta sai in ta fito girki. Ni kuma daga masallaci sai tabarma. Akan wuni ban yi magana da kowa ba in ban da gaisuwa da amsa sallama.

Ruwan farko da ya sauka, iska ta yaye tampol ɗin ta jefa shi bayan ɗakin girki. Ban mayar ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ruwa yana bi ta tsakanin falankai yana wucewa, ko ɗigo bai kwanta a sama ba. Da aka ɗauke, Ikhlas ta fito ta haye abinta. Tun daga ranar nan ne wurin wasanta. Tana jera gwangwanaye a kai, tana kwanciya rub da ciki tana magana ta cikin tazarar, kamar akwai mai ji a ƙasa. Ni ina gefe a tabarma. Nakan ɗora butata a bakin katakon, amma ban hau ba. Ba wai na yanke wata shawara ba ce. Mai cewa bisimilla ne bai ce ba.

Hafiza 'yar 'Yankara ce, kuma an san in ta fita takaba gidansu za ta koma da yarinyar. Wannan daidai ne, ban yi jayayya ba. Da lokacin ya matso, yayanta Uwais ya zo, muka sa ranar da Malam Salahuddeen, limamin unguwarmu, zai zo ya raba abin da mamacin ya bari.

Ana gobe rabon, da yamma, Ikhlas ta zo ta tsaya a kaina. Ba ta ce mini tsoho ba.

"Kaka, wai gobe za a raba gadon Abba?"

Na ce haka ne.

"Da zarto?"

Sai na gane inda ta dosa. Ta ji manya suna magana a ɗaki, ita kuma gado ɗaya ta sani na ubanta. Na zaunar da ita na yi mata bayani irin na aji. Na ce kalmomi biyu ne. Ɗaya ana jan ta, gaado, shi ne kayan da mutum ya bari in ya rasu, riguna da takalma da sauransu. Ɗaya kuma gajeriya ce, gado, shi ne abin kwanciya. Wanda za a raba gobe mai ja ne. Na sa ta faɗi duka biyun, ta faɗa daidai. Ta tambaya ko ke nan ba za a taɓa wannan ba, tana nuna dandamalin. Na ce ba za a taɓa ba. Har zuciyata haka na ɗauka, domin ni aka yi wa shi.

Washegari da hantsi aka fito da kayan tsakar gida. Ba su da yawa. Akwatin kayan aiki, zarto biyu, guduma, abin goge katako, tufafi, rediyo, buhun masara ɗaya da rabi, tunkiya da ɗanta. Babur da waya sun tafi a hanya. Malam Rabo ya zo don ya faɗi darajar kayan sana'a. Uwais ya zauna a gefe, Hafiza tana daga bakin ƙofar ɗakinta a lulluɓe. Lissafin ba sabo ba ne a wurina, na sha ba ɗalibai irinsa a allo: rabi na ɗiya, tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas, na mata, abin da ya rage na uba.

Malam Salahuddeen ya dubi kayan, ya ɗaga kai ya dubi dandamalin, ya tambayi na wane ne katakon. Na ce Mas'udu ne ya saya, ni ya yi wa. Ya tambayi Malam Rabo, shi kuma ya ce gaskiya maɗacin nan ya fi duk abin da ke shimfiɗe a nan daraja, nesa ba kusa ba.  Liman ya yi bayani a hankali, yana kallon ƙasa. Ya ce kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa ta shiga hannunsa tun mai bayarwa yana da rai. In ba a karɓa ba har ya rasu, ta koma cikin dukiyarsa, kuma a cikin dukiyar nan akwai haƙƙin marainiya. Da a ce gini ne da ya kama ƙasa, da wata magana ce, amma wannan a ɗore yake.

"Malam Gide," ya ce da ni, "ya miƙa maka shi? Ko sau ɗaya ka shimfiɗa tabarma a kai, shina gani?"

Na san abin da yake yi. Ƙofa yake buɗe mini. Uwais ma ya kawar da kai yana kallon tunkiya, alamar ba zai yi gardama ba ko me na ce. Kafin in buɗe baki Hafiza ta yi magana daga bakin ƙofa, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ita shaida ce, kullum Baba yana ajiye butarsa a kai, har ranar Talatar ma ya ajiye, kuma marigayin yana kallo bai hana ba.

Liman ya juyo gare ni.

Na ce, "Buta ce ta hau, Malam. Ni da na zo hawa ya ce in dakata, bai ƙare ba."

 Malam Rabo ya share fuska da hannun riga, ya ce shi ya koya masa wannan, da ya sani da bai koya ba. Na ce ba laifinsa ba ne, ƙa'ida ce mai kyau. Hafiza ta ce to ita ta yafe nata kason, a bar wa Baba. Liman ya ce tana da iko da nata, na yarinya ne ba mai iya yafewa. Na gode mata, na ce ban karɓa ba. Yarinya ce mai ƙuruciya za ta koma gidan iyaye da ɗiya a hannu, kuma a gaban surukinta take magana, ba na so kunya ta yi mata kyauta.

Aka yi rabon. Na roƙi a ba ni kasona duka a cikin katakon, kada a ba ni komai a sauran kayan, aka amince. Malam Rabo ya auna da tef, ya ja layi da alli a kan falankai. Abin da ya faɗo mini shi ne ɓangaren da ke jikin darbejiya, faɗin tabarma ɗaya, da ƙafafun da ke ɗauke da shi.

Ikhlas tana maƙwabta duk wannan lokacin, da gangan aka tura ta. Da ta dawo ta ga layin allin, ta tsaya tana bin sa da yatsa. Na kira ta na ce, jiya na gaya miki ba za a taɓa ba, to ban faɗi daidai ba. Ke kika fi ni ji. Duka biyun za a raba. Ta tambaya ko da zarto. Na ce a'a, Abbanki bai sa ƙusa ba, kwancewa za a yi. Ta ce ina za a kai. Na ce daga layin nan zuwa can naki ne ke da Ummanki, inda kuka tafi nan za shi. Ta yi tunani, ta ce to ni fa, wa zai riƙa duba mini nawa? Na ce sai ta riƙa zuwa rangadi.

Malam Rabo ya dawo washegari shi kaɗai. Ya kwance falankan ɗaya bayan ɗaya, yana tara sukurun a cikin hularsa, ko ɗaya bai karye ba. Ya ɗage ƙafafun ƙiryar daga kan duwatsunsu. Daɓen ya fito fili, a bushe, da ɓawon gyaɗa a warwatse a kai, da ɗigon baƙin mai a wuri biyu. Fasassun tangaran suna nan a jere. Ya gyara bakin ɓangarena ya rufe shi da falanki ɗaya a kwance, ya goge da tsumma. Da ya gama ya tsaya yana juya tsumman a hannu. Ya ce shi ba shi ya fara aikin ba, amma shi ya koya wa wanda ya fara, in na yarda zai faɗa a madadinsa. Na ce na yarda. Ya ce, "Bisimilla, Malam." Na hau na zauna. Tsayin ya yi daidai, na tashi ban dafa komai ba.

Ga yadda aka yi da kayan. Falankan da suka faɗo wa Ikhlas, Uwais da liman suka ga ya fi a mayar da su abin da zai zauna a ɗaki, kada ruwa da rana su ci su. Malam Rabo ya yi mata gado da su, na kwanciya, mai ƙafa huɗu da allon kai, bai karɓi ladan aiki ba. Tunkiya da ɗanta ma nata ne, suna wurin kakarta a 'Yankara. Ƙafafun ƙiryar da suka rage da kayan sana'a aka sayar wa mutanen shagon, aka ba Hafiza nata, aka ajiye wa yarinyar saura a hannun kawunta. Masarar suka tafi da ita. Tufafinsa, bayan an ƙiyasta su cikin rabo, Hafiza ta ba ƙannenta biyu, ta riƙe riga ɗaya mai tabon mai a kafaɗa. Rediyon yana ɗakinta. Tampol ɗin dama na Malam Rabo ne, na mayar masa.

Ranar tafiyarsu aka ɗaure gadon a saman mota, ƙafafunsa suna kallon sama. Hafiza ta durƙusa ta yi mini sallama, sannan ta miƙo mini hularsa ta aiki. Ba ita ya sa ranar Laraba ba, a rataye ya bar ta a bayan ƙofa, shi ya sa ba a fito da ita wurin rabo ba. Ƙusar nan mai jan zare tana soke a naɗin. Na ce wannan ma ai cikin dukiya take. Na aika aka tambayi liman, ya aiko cewa in tambayi mai rabi. Na tambayi Ikhlas tana cikin mota a kan cinyar uwarta. Ta ce hular tata ce, ƙusar kuma ta ba tsoho, amma aro.

Hular ta tafi 'Yankara. Ƙusar tana nan, na soke ta a tazarar da ke tsakanin falanki na farko da na biyu, ta wajen kaina, inda ta shiga daidai.